Tawada a Kan Balan-balan

Shekara uku ina aiki a ƙarƙashin Dakta a ɗakin gwaje-gwaje, biyu daga ciki ina son sa kamar raina. Ni na yi lissafin lanƙwasar sararin samaniya da ya cika takardarmu. Takardar ta fito da sunansa shi kaɗai. A makon kuma na tsinci katin aurensa a teburin sakatariya.

Ranar da zai yi lacca gaban kwamitin ƙarin girma ya leƙo.

"Ƙanwata, shirya min balan-balan ɗin nan. Zana taurarin da biro kawai, ba lokacin manne-manne."

Yanzu ƙanwa na zama.

Da shi yake nuna yadda sararin samaniya ke faɗaɗa. Kullum ƙananan takardu nake mannawa a matsayin tarin taurari, don idan an hura, tazarar da ke tsakanin tarin taurari ce ke ƙaruwa, su kansu ba sa kumbura. Tawada kuwa buɗewa take yi tare da roba. Bai taɓa tambayar dalili ba.

Na ce, "To, Dakta." Na zana su manya-manya, na cika su da baƙi.

A zauren ya hura, ya ɗaga. "Kowane ɗigo yana ganin sauran na nisantar sa, saboda haka babu wanda yake tsakiya."

Shugabar kwamitin, wata tsohuwar Farfesa, ta karkata kai. "Ɗana, taurarinka sun yi ƙiba. Mu ma kumbura muke ke nan? Shi ya sa rigata ta matse ni?"

Aka yi dariya. Ya ce, "To, kaɗan-kaɗan dai."

"Kaɗan-kaɗan. Idan ba ɗigo ba ne tsakiya, tana ina?"

Gumi ya keto masa. Ya lotsa robar da yatsa. "A ciki. Nan cikin iskar."

Farfesa ta cire tabarau. "Wanda ya rubuta shafi na tara na takardar nan ba zai faɗi haka ba."

Sai ya kalle ni, irin kallon nan da ke narkar da ni a da. Zuciyata ta motsa, ba zan ɓoye ba. Na bar ta ta lafa, sannan na miƙe.

"Ranki ya daɗe, fatar balan-balan ɗin ce kaɗai sararin a misalin nan. Cikin ba wuri ba ne da za a iya zuwa. A kan fatar kuwa duk inda mutum ya tsaya daidai yake da ko'ina."

"Ke ce wa?"

"Mai wanke kwalabe."

"Zo ki karɓi alli, 'yata. Yi mana shafi na tara, ba tare da duba takarda ba."

Ya yi ƙasa da murya da na zo wucewa. "Don Allah, ki rufa min asiri."

"Matsa, Dakta, ka tare allo."

Na cika allo biyu ban waiwaya ba. Da na ajiye allin, Farfesa ta tura masa takardar da biro, ta ce ya zaɓa: ya gyara sunan marubuci a shafin farko da hannunsa, ko kwamiti ya gyara masa.