Kaset ɗin Mama Anatu

Jaridar unguwa ce shimfiɗe a kan teburin, shafi biyu cur. Safura ta tsaya a kanta, jaka a kafaɗa, tana karanta kalmomin da ita da kanta ta juya daga Hausa zuwa Turanci.

"An canza sunayen," in ji Dakta Pell, malaminsu na aikin jarida, yana murmushi. "Ki yi murna, an ji muryar mutanenki."

Sunaye kam an canza. Amma ga hoton layin, ga koriyar ƙofa, ga bayanin mijin da ke wanke motoci a unguwar Dagenham da takardun wani.

* * *

Tun a farkon 1994 ne Dakta Pell ya tura ɗalibansa unguwannin wannan birni na Turawa su saurari jama'a. Safura ta zaɓi Catford. Mama Anatu, mutuniyar Kafanchan mai sharar ofisoshi, tana jin Hausa a bakinta ta jawo ta ciki, ta zuba mata tuwon semo da miyar karkashi. Safura ta kunna rakoda, kaset ya fara juyawa. Mama Anatu, tun tana ɗari-ɗari har ta saki jiki. Ta faɗi yadda bizarsu ta ƙare shekara shida ke nan, da yadda mijinta Kambai ke amsa sunan da ba nasa ba.

"'Yata, abin nan da ke juyawa, wa zai ji shi?"

"Daga ni sai malamina, Mama. Na makaranta ne."

* * *

Ranar Asabar da hantsi, bayan fitowar jaridar, Safura ta koma Catford. Tana leƙa shagon Issahaku mai aski, hira ta ɗauke.

"Jiya aka tafi da Kambai daga wurin aiki," ya ce, bai ɗago daga kan da yake aske wa ba. "Wani ya karanta, ya buga wa 'yan immigration waya. Yanzu gidan suke nema."

Ta fito ta nufi layin. Ƙofar ta koma baƙa, fentin ko bushewa bai yi ba. Ta ƙwanƙwasa har sau uku kafin a buɗe kaɗan, sarƙa a maƙale. A bayan Mama Anatu, jakunkuna ne ɗaure a tsakar falo.

"Mama, wallahi ban san zai ba jarida ba."

"Na sani." Idanun matar a bushe suke. "Kin dai ci jarrabawar?"

Safura ta sunkuyar da kai. Ita ta zo ta ɗaya.

"To, Allah ya sa albarka."

Aka mayar da ƙofa a hankali.

Da ta juyo, sai ta lura da wata mota mai ruwan toka a ƙarshen layi, injin a kunne, maza biyu a ciki. Ba ta san tun yaushe suke wurin ba. Ɗayan ya dubi baƙin fentin da ya ɓata mata yatsu, ya dubi lambar gidan, sannan ya zaro biro daga aljihu.