Bayan Takardar Maganin Tela

Tela ya zazzage ƙwayoyin a kan teburin yanka, ya ware farare gefe guda, jajaye gefe guda, sannan ya miƙo mini takardar da mai ba da magani ya rubuta masa a asibiti.

"Maƙwabci, kai da ka yi boko da furfura, karanta mini. Wacce za ta bar ni in yi aiki?"

Shekara ashirin da ɗaya shagonsa yana manne da ƙofar gidana. Ciwon sukari ya cinye masa jijiyoyin ƙafa, har yakan ce tafinsa kamar a kan garwashi yake, ga shi kuwa da ƙafa ake taka keken ɗinki.

Na sa tabarau, na bi layi da yatsa. Farar ƙwayar da ya fara sha tana busar da baki, tana sa barci. Ya ce wannan ya sani, tun da ya taɓa gyangyaɗi allura ta huda masa farce. Jar da aka sauya masa wata biyar da suka wuce tana kumbura ƙafa, tana sa jiri da hazo a ido. Ita ta kashe masa wutar, ita kuma ta hana shi ganin kafar allura. Sai matarsa ta fito ta zura masa zare a gaban masu kawo ɗinki, wasu har sun fara kwashe yadinsu.

Ya tambaye ni ko akwai saura. Na ga rubutu ya ƙare a ƙasan takardar, na ce babu.

Ya kwashe ƙwayoyin duka ya zuba a gwangwanin maɓallai, ya ce ya daina sha. Matarsa ta roƙe shi ya jira ranar ganin likita.

"Kafin ranar nan ta zo, ke za ki zama telan, ni ina zaune kamar mutum-mutumi," in ji shi.

A rana ta biyu ya kira ni in shaida: ya zura zare karo guda, yana dariya. A ta uku gumi ya jiƙa masa riga, hannunsa na karkarwa, barci ya ƙaurace masa, ya yi wa matarsa tsawa a kan almakashi. A ta huɗu da hantsi, ina share ƙofar gida, na ji ƙarar keken ta yanke. Na same shi a ƙasa yana fizge-fizge, kansa ya bugi ƙarfen keken. Ya kwana biyu a asibiti bai farfaɗo ba, ya cika.

Bayan mako guda matar ta kawo mini takardar. Ta ce likita ya tambaye ta wanda ya ce ya daina maganin lokaci guda, alhali an rubuta masa. Na juya takardar. A bayanta akwai layi ɗaya da manyan baƙaƙe: kada a daina jar ƙwaya farat ɗaya, a rage ta a hankali da sanin likita. A ajin manya inda na koyi karatu, ba a taɓa ba mu takarda mai rubutu a baya ba.

"Ni na ce masa babu saura," na gaya mata.

Ta miƙo mini kwaɗo, ta ce in rufe shagon, ita ba za ta iya shiga ba.

A shagon, hannun wata riga yana nan a ƙarƙashin allura, rabinsa a ɗinke, zaren da ya zura da kansa bai fita ba. Na jawo ƙofar a hankali.