Giyabos ɗin Oga Nababa

Shekarar da gwamnati ta tattaro komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, Muktar direba ne ya tuƙo tsohuwar motar ogansa, Alhaji Nababa, darakta a wata ma'aikata. Tun daga Lokoja motar ta fara gurnani. Idan ya sa ta a giya ta uku sai ta tofar da ita, sai ya riƙe sandar giyar da hannu kamar mai rarrashin akuya. Da kyar suka shigo gari.

Ba a jima ba aka ba oga gida a Maitama da sabuwar motar ofis. Tsohuwar ta koma ƙarƙashin bishiya tana ɗigar da mai.

Wata safiya oga ya kira shi. "Muktar, ka kai motar nan Utako wurin Yamusa bakanike. Na riga na yi magana da shi. Rosemary ce za ta saya."

Rosemary mai buga tafireta ce a ofishinsu. Ba ta samu gidan gwamnati ba, a Karmo ta kama ɗaki, kullum sai ta makara saboda wahalar mota. Muktar ya ji daɗi, ya ɗauka oga zai sa a gyara mata ita tsaf kafin ya miƙa.

Garejin Yamusa fili ne kawai da rumfar kwano, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da mai. Yamusa ya shiga ƙarƙashin motar, ya kwance noti, man giyabos, wato akwatin giya, ya zubo a kwano, ruwa-ruwa, da ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli a ciki.

"Haƙoran giya sun cinye, boris ɗin da suke juyawa a kai ma ya tafi," in ji shi.

"To sai a sauke giyabos ɗin ke nan?"

Yamusa ya yi dariya har da tari. "Wa zai sauke? Oga bai ce a sauke ba. Cewa ya yi ta yi shiru."

Ya jawo wani bokiti daga bayan rumfa. Da ya ɗaga murfin, Muktar ya ja da baya. Garin katako ne aka kwaɓa da tsohon giris da baƙin mai, da ɓawon ayaba da ya ruɓe ya zama kamar majina. Ƙudaje suka tashi buu. Yamusa ya zura hannu ya dama, ya riƙa ɗurawa ta ramin mai da mazurari, yana turawa da yatsa, yana 'yar waƙarsa.

"Malam Yamusa, wannan ai zalunci ne. Mace ce fa za ta hau."

"Ni aikina aka ba ni. Kai ma aiko ka aka yi, ko ba haka ba?"

Da ya gama ya goge hannu a wando, ya ɗauki gasasshiyar masara da wannan hannun ya miƙo wa Muktar rabi. Muktar ya kau da kai.

A hanyar dawowa motar ta yi luf, babu gurnani, babu ƙara. Shirun nan ya fi ƙarar damunsa. Da azahar ya tsaya sahu ɗaya da oga a masallacin ofis, kafaɗa da kafaɗa, ƙanshin turaren oga ya cika masa hanci.

Bai iya haɗiye maganar ba. Da aka tashi aiki ya tare Rosemary a bakin ƙofa.

"Madam, kar ki sayi motar nan. Giyabos ɗin ya mutu, shara aka cusa masa. A gabana aka yi."

Ta dube shi, sai ta fashe da dariya, ta amsa da gurguwar Hausarta. "Muktar, kai yaro ne? Ni ya sani. Oga ba zai sayar da abu mai kyau ba. Ni ba zai hau ba, akwai mutum yana zuwa daga Legas, yana neman mota. Ka yi shiru kawai."

Ta dafa masa kafaɗa ta wuce. Muktar ya tsaya yana kallon wurin da ta taɓa, kamar an shafa masa abin cikin bokitin nan.

Bayan 'yan makonni, ranar wata Asabar, yana kan hanyar Karmo a motar ofis zai kai saƙo, ya hango tsohuwar motar a gefen titi a kan hawa. Katifa da tukwane a ɗaure a samanta. Wata mata mai tsohon ciki tana zaune a kan dutse tana fifita da gefen mayafi, mijinta kuwa ya durƙusa yana leƙen ƙasan motar, inda wani baƙin abu mai kauri yake ɗiga. Warin ya iso wa Muktar tun kafin ya buɗe ƙofa.

Mutumin ya ce sunansa Kure, masinja ne, kwanan nan aka dawo da ofishinsu daga Legas. "Wata baiwar Allah ce ta taimaka mini da ita. Ban san laifin da na yi wa giyar ba."

"Ba ka yi mata komai ba," in ji Muktar. Ya faɗa masa abin da aka ɗura a ciki, da wanda ya sa, da wadda ta sani. Kure ya dubi matarsa, ya ce, "Allah ya isa."

Muktar ya sa matar a motar ofis, ya ɗaure tsohuwar motar da igiya, Kure yana riƙe da sitiyarinta, ya ja ta har Utako, don nan ne garejin da ya fi kusa. Yamusa ya gan shi, bai ko ƙifta ido ba. Ya sauke giyabos ɗin, ya buɗe shi a kan buhu. Ƙazantar ta dafu ta daskare tsakanin haƙoran, sai da ya sa sukudireba yana ƙwaƙulowa. Ya toshe hanci, ya girgiza kai, ya dubi Kure cike da tausayi.

"Subhanallahi! Wane mara tsoron Allah ne ya yi maka wannan aiki?"

Kure ya dubi Muktar. Muktar ya buɗe baki zai yi magana, amai ya riga maganar tasowa. Ya zagaya bayan rumfa da sauri, ya dafa bango, ya amayar da abin da ya karya da shi.