Dokin Yaya Kabo

Mamuda ya ɗauki dokinsa ya dire shi can gefen allo, ya danna agogo. Ɗalha ya tsaya da biro a hannu, ya kasa rubuta motsin.

Wasan ƙarshe ne na gasar ces, wato darar Turawa, da ake yi a ɗakin taron wata sakandare a Kankia, wanda ya ci shi zai wakilci shiyya a Katsina. Ɗalha malamin lissafi ne a garin, makinsa a jerin 'yan ces ya ɗara na Mamuda da kusan ɗari. Mamuda ma'aikacin asibiti ne daga Kusada, yau suka fara ganin juna.

Amma dokin nan Ɗalha ya san shi. Mutum ɗaya ya taɓa gani yana kai doki gefe haka kamar ya yi ɓatan kai, sai can gaba ka gane tarko ne: yayansa Kabo, wanda ya rasu shekara biyu ke nan yana koyarwa a Kusada.

"Wa ya koya maka?" Ɗalha ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Malam Kabo, Allah ya jiƙan shi."

Alƙalin wasa ya ɗaga yatsa, suka yi shiru.

Kabo ya sha kiran Ɗalha a waya: "Ka zo mu buga mana, Kusada ba nisa." Shi kuma kullum sai ya ce sai an yi hutu.

Ɗalha ya san maganin tarkon, don ya daɗe yana faɗawa cikinsa kafin ya gano. In ya tura sarauniya yanzu, motsi huɗu an gama. Ya miƙa hannu, ya janye. Sai ya matsar da soja gida ɗaya, don kawai ya ga abin da zai biyo baya.

Awa guda suka ƙara. Kowane motsin Mamuda, Ɗalha ya san shi kafin ya zo. Daga ƙarshe Ɗalha ya kwantar da sarkinsa alamar ya sallama, ya miƙa hannu.

"Malam, ai ka ga sarauniyar nan," in ji Mamuda.

"Na gan ta. Kabo yayana ne."

Mamuda ya daɗe riƙe da hannunsa.

"Kana tune da wasanku na ƙarshe?" Ɗalha ya tambaya.

"Ba mu gama shi ba. Aka kira Magariba, ya ce sai gobe."

Mutane suna watsewa, Mamuda ya zauna ya jera kayan ɗaya bayan ɗaya yadda wancan wasan ya tsaya, yana tsayawa yana tunani. Da ya gama, ya juya farare, ɓangaren Kabo, wajen Ɗalha.

"Shi ke da motsi," ya ce.