Wayar da Ta Fi Kowa Ci a Gidan Alhaji Maikano

Alhaji Maikano dillalin shanu ne a kasuwar Wudil, mutum ne da idan ya ɗaga murya a kara har na bakin gada sai ya waiwayo. Abu ɗaya ne ya gagari muryar nan: isa kunnen 'yarsa Rahinatu, wadda ke karatun digiri na biyu a Maleshiya.

Saboda ita ya sa aka kafa masa rauta a falo, 'yar akwatin nan mai ƙahoni biyu da ke raba intanet a gida. Duk Lahadi bayan azahar take kira. Sai dai muryarta takan zo ne gutsi-gutsi, kamar mai magana da tuwo a baki.

Ranar da abin ya kai shi bango, ta ce, “Baba, albishi… jarrabawar… ci…” kiran ya yanke. Na ci ta ce ko ban ci ba? Ya yi ta “Alo! Alo!” har akuyar tsakar gida ta amsa masa.

Nan take ya kafa doka. Ya ɗauko faifai ya ajiye a tsakiyar falo, ya ce duk mai waya a gidan ya kashe ta ya ɗora. Matarsa Hajiya Jummai ta kawo tata tana ƙunƙuni.

“Alhaji, karatu fa nake saurare.”

“Karatun girke-girke ba. Ku ne kuke shanye intanet ɗin, ku bar wa yarinya ƙanzo.”

Wayoyi shida suka kwanta a faifai. Aka sake kira, muryar ta sake kakkaryewa.

Washegari ya aika aka kira Sharifa, 'yar ƙaninsa, mai aiki a sashen kwamfuta na jami'a. Ta zo da la'asar da jakar kwamfutarta, ta durƙusa ta gaishe shi, aka tambayi aiki da gajiya da mutanen gida. Sannan ya nuna rautar da baki.

“Wannan abar, ba za a iya gaya mata ta san babba da yaro ba? In ina magana da Rahinatu kowa ya dakata.”

“Ana iyawa, Baffa,” in ji Sharifa. “Ka san gadar nan ranar Juma'a, yadda motocin shanu ke cushewa? To da bidiyo da hoto da murya duk hanya ɗaya suke bi. Bidiyo in ya makara ba komai, zai jira. Murya kuwa in ta makara ta lalace. Zan sa ta riƙa ba wa kira hanya ya wuce gaba. Amma ikonta iya cikin gidan nan ne. In daga waje sabis ya lalace, sai haƙuri.”

“Yi mata bayani dai yadda za ta gane.”

Sharifa ta buɗe kwamfuta tana danne-danne. Can ta tsaya, ta dubi allon, ta dubi Alhaji, ta ciji leɓe.

“Baffa, bari mu ga wayar da ta fi kowa ci.”

“Yawwa! Faɗi sunanta kowa ya ji.” Ya juya ya kalli Hajiya Jummai, wadda ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

“Tun safe waya ɗaya ta kwashe fiye da rabi. Yanzu haka ma tana kan sauke bidiyo.”

“Ta wace ce?”

“Tana cikin aljihunka na dama, Baffa.”

Ashe ƙaramar wayarsa ce ta kasuwa, wadda bai taɓa ƙirga ta cikin masu laifi ba. Yana cikin zaurukan hirar dillalai na waya har huɗu, kuma kowane dillali daga Utai har Legas sai ya ɗauki bidiyon bijiminsa ta gaba da ta baya ya turo. Ita kuwa wayar, baiwar Allah, duk abin da aka turo sai ta sauke da kanta.

Hajiya ta shiga ɗaki ta fito da faifai, ta durƙusa har ƙasa ta miƙa masa da hannu biyu.

“Ai shanu ne,” ya ce yana gyara hula. “Sana'a ce.”

Sharifa ta gama saitinta, ta tura wa Rahinatu saƙo cewa ta gwada kira gobe. Da azahar ɗin Talata wayar ta yi ƙara, murya ta fito tangaran kamar daga ɗakin girki take magana. Ta ci jarrabawa, har malaminta ya ce ta zarce digiri na uku.

Alhaji ya yi hamdala sau uku. Ya tambaye ta lafiya, ta ce lafiya lau. Ya tambayi karatu, ta ce ai shi ta gama faɗa. Ya tambayi ko ana ruwa a can. Daga nan ya rasa ta cewa, don dama rabin hirarsu “kina jina?” ce. Ya yi gyaran murya.

“To, ga mamanki.”

Hajiya ta karɓa ta gyara zama. Aka fara da bikin Bilkisu 'yar maƙwabta, aka gangara kan farashin atamfa, aka shiga wanda ya haihu da wanda ya yi tafiya. Alhaji ya ciro wayar kasuwa zai duba wani bijimi da aka turo masa, hoton ya tsaya yana ta juyi, ƙaho kawai ya bayyana. Ya fita tsakar gida ya kira Sharifa a waya.

“Ke, ba za ki sa rautar nan ta gane cewa kirana kaɗai ake nufi ba?”

“Baffa, ba ta san muryar maigida ba. Kira dai kira ne.”

Ya jiyo dariyar uwa da 'ya daga falo. Sai ya zura takalmansa, ya ce a gaya wa Hajiya ya tafi ya ga bijimin da idonsa.