Man Shanun Shaton Magarya

Ni da hancina na fara gane akwai magana. Baban Gumsu, maigidana, ya dawo daga aiki yana ƙamshin man shanu, alhali rabon tukunyata da man shanu tun Sallar Layya.

"Malam, me ka ci?"

"Ban ci komai ba, Hinda. Na aiki ne."

"Aikin ƙarfe ko aikin tuwo?"

Dariya ya yi. Ni kuwa ba abin da ke ƙona mini rai kamar in yi tambaya a yi mini dariya.

Daga Kwaya muka zo Magarya cin rani, shekarar da Kumandan, Anasaran da ke mulkin garin, ya sa a kafa shato, wato wata babbar randar ƙarfe bisa dogayen ƙafafu, don gari ya sha ruwa. Anasara mai aikin ya ɗauki maigidana cikin masu ɗaure ƙarafa. Kafin mu baro gida sai da na sa ya yi mini alkawari gaban Innarsa cewa ruwan farko na sauka za mu koma gonarmu. Mijina nake so a gona, kusa da ni, ba sama kamar hankaka ba.

Maƙwabciyarmu Kulu ce ta ƙarasa ni. Ta ce kullum da hantsi wata Aisa, daga rugar da ke hanyar Dogo-Dogo, tana kai masa man shanu har gindin shato, kuma da kansa yake saukowa ya karɓa. Ta ƙara da cewa doguwa ce. Wa ya tambaye ta tsawonta?

Washegari na dama fura, na goya Gumsu, na tafi. Ga ta nan kuwa, doguwar, da ƙwarya a ka, tana ta washe haƙora. Wallahi kishi ya taso mini har wuya. Na dire furar sai da ta fantsama.

"Sannu da ƙoƙari, mai mai. Mijin wasu kike yi wa kiwo?"

"Baiwar Allah, ni mai nake sayarwa," in ji ta.

Baban Gumsu ya ja ni gefe, kunya ta kama shi gaban abokan aiki. Ya zaro wata farar ƙusa mai zare daga aljihu, tana ƙyalli kamar azurfa, ya ce sunanta bulon. Ya lakato man da ɗan yatsa, ya shafa wa zaren, ya bi shi lungu-lungu.

"Kin ga wannan? Ko ya shekara cikin ruwa ba ya tsatsa, ga ƙarfi. Amma yana da hali. In ka ɗaure shi a bushe, ko ka yi masa gaggawa, sai ya ɗau zafi ya cije, ba gaba ba baya, sai dai zarto. In ka matsa fiye da kima kuma kan ya ɓalle. Man Anasara ya ƙare, kamiyo, motar kayan nan, bai kawo wani ba, shi ne na gwada na shanu."

Ya sa kile, ƙarfen da ake murɗawa da shi, ya nuna mini. A hankali, a hankali, ya ɗan ja nan, ya tsallaka na can gefe ya ɗan ja, ya dawo, har ya ji ya kai inda ya kamata ya tsaya. Fuskarsa ta yi laushi. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa ganin ya lallashi wani abu haka ba, har ni.

Na yarda ba cin man yake ba. Amma ban yarda da doguwar ba. Yau mai, gobe nono, jibi sai ka ji an kai goro ruga.

"Daga yau ni zan kawo man," na ce.

"Hinda, ina kika ga saniya?"

"Ba ruwanka."

Na aika Kwaya wurin Goggona mai shanu, aka kawo mini a jaki. Da ma maigidana ya ce na Aisa wani lokaci da gashi da ɗan yashi a ciki, kuma ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta sa bulon ya cije. To, ni zan nuna mata. Na soya shi, na tace da sabon kallabina, na sake tacewa, sai da ya zama garau. Kullum ni ke kai masa da hannuna, in zauna gindin bishiyar bedi in ga wadda za ta matso. Aisa ta zo ta zo, ta gaji, ta koma bakin kasuwa. Ranar har buɗa na yi a ɗaki.

Tun daga nan bulon ko ɗaya bai ƙara cijewa a hannunsa ba. Sauran ma'aikata, ƙarti masu ji da ƙarfi, suna ta ɓalle kawuna, Anasara na ta zazzaga musu Faransanci, nawa kuwa shiru. Da aka cika shato, gefen da ya ɗaure ko ɗigo babu. Na yi ta fankama a unguwa, ina cewa man wa? Man wa?

Hadari ya fara haɗuwa gabas. Na ɗaure tabarmi da tukwane, na nemo mai jaki. Sai ga Baban Gumsu da la'asar, ya tsaya bakin ƙofa yana juya kile a hannu, ya ƙi kallona.

"Anasara ya ce da ni zai tafi. Akwai wani shato a Damagaram, bayansa kuma Agadas. Ni kaɗai ya zaɓa."

"Gonar fa?"

"Ƙanena zai shuka."

"Alkawarin fa, Malam? Gaban Inna!"

"Hinda, ya ce bai taɓa ganin hannu irin nawa ba. Na gaya masa ba hannuna kaɗai ba ne, har da man matata." Yana faɗi yana murmushi, wai shi yabona yake.

Na ce to mu tafi tare. Ya ce ba a zuwa da iyali, cikin kamiyo ake kwana. Na yi kuka, na yi masifa, na tuna masa duk abin da ya taɓa yi mini tun muna saurayi da budurwa. Ya bari na gama tsaf, sa'an nan ya ce, "Sauran man nan na cikin gora, ko za ki ba ni?"

Na ba shi. Miyar wa zan yi da shi?

Da safe kamiyo ya tashi. Yana zaune baya kan ƙarafa, goran a cinya, ya riƙe shi da hannu biyu kada ya zube. Aisa na bakin hanya da ƙwaryarta. Ta dubi kamiyon, ta dube ni da kayana bisa jaki.

"Ashe ba ruga ya nufa ba," in ji ta. Ba ta ma yi dariya ba, da ta yi da na sami abokiyar faɗa.

Ruwan farko a hanyar Kwaya ya same mu, ni da Gumsu. Har yau in na shigo Magarya cin kasuwa, da ruwana nake zuwa daga gida. Ba na shan na shaton nan.