Jinin Gidan Alhaji Babaji

Gwadabe yana cikin samarin Katsina da gwamnati ta tura karatu Ingila lokacin da kuɗin man fetur suka fara shigowa. Ya karanto ilmin sinadaran jikin ɗan Adam, ya dawo aka ba shi ɗakin gwaji a asibitin gari, da mataimaki, wani dattijo mai suna Malam Sammani. Injin gwajin jini da ya yi odarsa kuwa ya maƙale a tashar Legas, a bayan jiragen siminti, sai da damina ta wuce sannan mota ta sauke shi.

Ranar da aka kunna injin, Gwadabe bai tsaya cin abincin rana ba. Ya hau babur ɗinsa sai Babbar Kasuwa, rumfar kawunsa Alhaji Babaji mai sayar da atamfa da shadda. Bayan sun gaisa, an tambayi gida da aiki da gajiya, ya ce, "Kawu, jininka na zo roƙo."

Alhaji ya ajiye almakashi. "Jinina? Mi za ka yi da shi?"

Gwadabe ya gyara zama. Hawan jini ya daɗe yana bin gidansu. Shi ya kashe kakansa, shi ya shanye wa mahaifiyarsa Hajiya Ma'u hannun hagu, ga Alhaji ma kullum da ciwon kai. Gwadabe ya bayyana masa cewa a fatar kowace ƙwayar jini akwai wani sinadari, furotin, mai aiki kamar famfo, yana kwashe gishirin da ya shiga ƙwayar yana turo shi waje. Zatonsa, a jikin masu hawan jini wannan famfo yana kasala, gishiri na taruwa a ciki.

"In haka ne, Kawu, za a iya gane mai cutar tun ba ta kama shi ba. Wata rana ma a haɗa maganin da zai je kan famfon kai tsaye."

Alhaji ya yi dariya. "Turawa sun mai da ka mai gyaran famfo ke nan. To, tahi gida ka faɗa masu ni na ce."

Washegari da hantsi aka taru a zauren gidan a Ƙofar 'Yandaka. Malam Sammani ya ɗebi jinin Alhaji da na Hajiya Ma'u da na sauran masu fama da cutar. Don a sami abin kwatantawa, suka ɗebi na masu lafiya: maƙwabta, da Malam Sammani, da Gwadabe kansa. Kowace kwalba aka manna mata lamba maimakon suna.

A ɗakin gwaji suka wanke ƙwayoyin, suka fasa su, suka riƙa fesa ruwan cikin harshen wutar injin. Wutar shuɗiya ce, da gishiri ya taɓa ta sai ta koma ruwan ɗorawa, allurar ma'aunin injin ta motsa. Kwalabe suka rabu gida biyu ƙarara: wasu allurar ta tsaya ƙasa, wasu ta yi sama. Gwadabe ya kasa zama, yana ta kai da kawo yana tafa hannu.

Da aka zo haɗa lamba da suna, duk masu hawan jini suka faɗa a sama. Sai kwalba ɗaya daga cikin na masu lafiya da ta bi su. Malam Sammani ya duba, ya sake dubawa, ya ɗago kai ya dubi Gwadabe.

"Ta wa ce, Malam?"

"Taka ce, ranka ya daɗe."

Gwadabe ya sa aka sake gwadawa da sabon jini. Allura ta koma inda take. Ya naɗe hannun riga, Malam Sammani ya ɗaura masa abin awo: jininsa lafiya lau, bai hau ba. Gwadabe ya kwance abin awon daga hannunsa. Can sai ya buga tebur ya miƙe.

"Malam, ka ga abin da nake nema! Alamar ta riga cutar zuwa!"

Hajiya Ma'u ba ta ga abin murna ba. Da ya gaya mata ta yi salati, ta share hawaye da hannunta mai lafiya, ta kira matarsa Safara'u ta ce daga yau a janye gishiri da kanwa daga miyar gidan. Gwadabe ya durƙusa gabanta yana lallashi, yana cewa, "Inna, ni an gargaɗe ni da wuri, ke ba wanda ya gargaɗe ki."

Ya kai sakamakon Zariya wurin tsohon malaminsa. Malamin ya saurara da kyau, ya ce abu ne mai kyau, amma gida ɗaya ba ya zama hujja, yana iya zama dace. Sai an gwada ɗaruruwan mutane, a kuma bi su shekaru a ga wanda cutar za ta kama. Maganar magani kuwa, da sauran tafiya.

Gwadabe ya dawo yana tunanin inda zai sami mutanen. Da ya faɗa wa kawunsa, Alhaji ya ce ya bar masa.

Ranar Asabar da safe Gwadabe ya iso asibiti ya tarar da layi tun daga ƙofar ɗakin gwaji har gindin dalbejiya: 'yan atamfa, 'yan hatsi, mahauta, maɗinka, kowa ya naɗe hannun riga. Alhaji Babaji na gaba yana tsara su, yana ɗaga murya cewa kar kowa ya tsallake layi. Malam Sammani ya leƙo ta taga, ya riƙe baki, ya ce kwalabensu ba za su kai azahar ba. Gwadabe ya jingine babur ko kulle shi bai yi ba, ya ruga sito neman ƙari.